Zakaran da Ban Zura a Rijiya Ba

Filinge, jajibirin kasuwa.

Lawali,

Assalamu alaikum. Ga sunanka na rubuta ƙuru-ƙuru, abin da bakina bai taɓa yi ba tun ranar da aka yanka ragon sunanka, don biro ba ya jin kunyar ɗan fari. Allah ya sa takardar nan ta same ka da hankalinka a jikinka. Allah ya tsare ka a hanyar da za ka kama gobe, kai da duk yaran da za ku hau mota ɗaya zuwa ramukan zinariya.

Yanzu ka amsa mini. Wa ya gaya maka ƙasa tana jin abin da kake faɗi?

Shekaranjiya da safe na zagaya bayan rumbu neman igiyar jaki, na tarar da kai tsaye, salula a hannu, ido rufe, kana bin muryar wani mutum kana maimaitawa: “Ni mai sa’a ne. Jikina ƙarfe ne. Tsoro ba ya shiga inda nake.” Na fizge salular, na yi ta ihu har kajin maƙwabta suka watse, na kira ka sakarai a gaban uwarka. Ka sa takalmanka ka fita. Na san abin da ka tafi da shi a ranka: wai ubanka ba ya son ganin ka ɗaga kai. To ba haka ba ne. Tsoro ne ya sa ni ihun. Kalmomin nan na san su, a bakina suka taɓa zama, kuma na san inda suka kai mutum. Tunda ba na iya magana da kai minti biyu ban ɗaga murya ba, ga takarda. Ka karanta ta har ƙarshe ko da kana jin haushina.

Ka san ban shiga lakwal ba, makarantar boko. Baƙaƙen boko a jikin buhun siminti na fara gane su, sannan a tsohon kayen ƙanwata, littafin rubutunta na makaranta. Ina da shekara goma sha tara na sayi wani littafin Faransanci marar bango a kasuwar Baleyara, wurin mai tallan tsofaffin takardu. Wata biyar na yi ina haƙarsa kalma-kalma. Abin da yake koyarwa ɗaya ne: kowace safiya ka gaya wa kanka abin da kake son zama kamar ka riga ka zama, kuma kada ka bari mummunar magana ta fita daga bakinka ko bakin na kusa da kai, don abin da ka ambata shi ke zuwa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce bai yi mini komai ba. Lokacin ina yaron aikin rijiya, kuma duk sanda aka zaunar da ni kan sandar da ke ɗaure a bakin igiya aka fara saukar da ni, tsoro kan rufe ni. Da na fara cewa “Ƙarfi gare ni, ba ni tsoro” kafin in sauka, tsoron ya ragu. Ni da ba na iya haɗa ido da mai riga da wando, sai ga ni ina shiga ofis ina magana. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya ruɗe ni. Maganar ta yi aiki a kan zuciyata, sai na ɗauka tana aiki a kan komai. Kuskurena na farko ke nan. Ka riƙe wannan: abin da kake gaya wa kanka yana iya tsayar da gwiwarka, yana iya tashe ka daga tabarma ranar da kasala ta danne ka. Iyakarsa fatar jikinka. Bangon rami bai san Hausa ba, bai san Faransanci ba.

Maigidana a aikin shi ne tsoho Namata. Ba ka iske shi ba. Bakurfe ne, ɗan ƙasarmu ta Kurfai, na ƙauye, bai taɓa sa goshi ƙasa ba har ya mutu, yana kan abin kakanninsa. Kafin kowa ya shiga tsohuwar rijiya, sai ya zuba ɗan fura a bakinta, ya yi magana ƙasa-ƙasa da waɗanda yake kira masu gida, sannan ya sa jan zakara a kwando ya zura shi har ƙasa. Ya zauna ya ci goro ɗaya, ba gaggawa. Sa’an nan a jawo kwandon. In zakara ya fito yana zazzare ido yana fisge-fisge, sai ya ce an yarda, a sauka. In ya fito wuya a langaɓe, sai ya ce, “Masu gida ba su son baƙi yau.” A bar rijiyar a buɗe kwana uku, a ɗaura damin ganye a igiya ana zura shi ana jawowa tun safe har rana ta yi tsaka. Wai fifita ake yi musu su huce.

Ni kuwa na karanta littafi ɗaya, kai ya kumbura. Wata rana ya ji ni ina karatuna a bakin rijiya, ya ce, “Da wa kake, ɗan boko?”

Na ce, “Da kaina.”

Ya tofar da goro. “Ni in na yi magana da wani nike, kuma ina jiran amsa. Kai da kanka kake. To wa za shi ce maka a’a?”

Na yi dariya na ce tsufa ne.

Malam Isuhu, limamin unguwarmu na lokacin, shi ma ya tare ni bayan sallar azahar. Ya ce, “An ce mini kana da wani wuridi sabo. Ni, ni, ni. Tun da sahe ka cika bakinka da ni. Ina ka aje Mai kowa? Ko in Allah ya yarda ba ka sawa a ciki.”

Na ce, “Malam, littafin ya ce kalmar ‘in’ ƙofa ce da faɗuwa ke shigowa.”

Ya ce, “Wanda ya rubuta shi, ya rantse maka shi kanshi za shi ga gobe? Fata nagari addini na son shi. Amma fata roƙo ne, yaro. Kai ba roƙo kake ba, umurni kake badawa, kuma ban san wa kake ba shi ba.”

Har Mushe Abdu, malamin lakwal da nake kai wa kalmomin da suka gagare ni, bai bar ni ba. Shi ba ruwansa da iskoki, ba ruwansa da wuridi. Ya ce, “Je ka gonarku ka gaya mata sau ɗari ta yi gero, kada ka yi noma. In kaka ta yi ka kira ni in kawo buhu.”

Mutum uku, ba wanda ya yarda da ɗan’uwansa, amma duka ukun sun ce mini hattara. Ka san abin da na yi? Na tsinci abin da nake so a bakin kowa na watsar da saura. Malam ya taɓa cewa zakaran Namata shirka ne, na riƙe wannan. Mushe ya ce camfi ne, na riƙe. Abin da suka faɗa a kaina kuwa na ce hassada ce. Kuskure na biyu. In ka ga mutanen da ba sa shan inuwa ɗaya sun haɗu a kan gargaɗinka, tsaya. Kada ka ce duk ba su waye ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarka.

Ka san Baba Hamidu, ɗan Gwaggo Hajo, wanda ke zama gindin itacen bedin ƙofar gidanmu, wanda tun kana ƙarami kake kai wa tuwo kana goge masa yawu a haɓa. Ka san abin da yake maimaitawa in an gaishe shi, in an ba shi ruwa, in yara sun tsokane shi: “Ƙarhi gare ni, ba ni tsoro.” Kun tashi kuna dariyar maganar nan. An gaya muku iskokin rijiya ne suka taɓa shi. Ba ka taɓa tambayar inda ya samo ta ba.

Hamidu taubashina ne, tare muka shiga hannun Namata. Kafin abin, duk Kurfai ba wanda ya kai shi saurin baki. Shi ke kirana bawansa, ni in kira shi kayan gadona. In na fara karatun safe sai ya tsaya bayana yana kwaikwayona da muryar tsohuwa, har ya haddace shi don tsiya.

Shekarar da ƙafar Namata ta kumbura ya kasa tafiya, mutanen wani ƙauye wajen Tondikandiya suka aiko a yashe musu tsohuwar rijiya. Ta fi gaba talatin, an rufe ta da itace da ƙasa shekaru, sabuwar da suke sha kuma ta fara ƙafewa. Namata ya ce a jira shi ya warke. Na ce mutane na jin ƙishirwa. Gaskiyar magana so nake a ce aikin nawa ne. Na ɗauki Hamidu da igiyoyi muka tafi.

Da hantsi muka buɗe bakinta. Dattijon garin ya zo da jan zakara a hammata, don sun san yadda Namata ke yi. Na ce, “Baba, mai da shi. Zakaran nan a tukunya ya fi amfani. Mu musulmi ne, kuma mun yi karatu.” Samari suka yi dariya. Dattijon ya tsaya da zakaransa kamar wanda aka mara, ya juya. Igiyar da ake ɗaura wa mai sauka a ƙarƙashin hammata ita kaɗai na bari cikin ka’idojin Namata, don ita ban ga tsafi a jikinta ba.

Muka yi ƙuri’a da tsinke, ta faɗa kan Hamidu. Aka fara saukar da shi. Bai kai rabi ba ya girgiza igiya, muka jawo shi. Ya zauna a bakin rijiya yana haki, ya ce, “Bawana, wagga rijiya ba ta yi mini ba. Kaina ya yi nauyi. Kamar an ɗora mini dutsin niƙa.”

Ga ƴanmatan gari tsaye da tulunansu suna kallo. Na ce, “Rufe bakinka! Abin da ka ambata shi ke zuwa. Furar da ka ɗura ce ta hau maka kai.” Na juya wajen ƴanmatan na ce, “Ku ga kayan gadona, namiji har namiji, duhu ya kore shi. Wacce za ta ara mishi zane?”

Ka san wasan taubasai, ba a fushi da shi, kuma ba a barinsa ya wuce ba a rama ba. Da wani ne ya faɗa masa haka da ya zage shi ya tafi gida. Da yake ni ne, sai ya yi dariya, ya miƙe, ya buga ƙirji ya kwaikwayi muryata: “Ƙarhi gare ni, ba ni tsoro!” Kowa ya fashe da dariya. Ya hau sanda ya ce, “Ku sake ni, in nuna wa bawan ga aiki.”

Muka sauke shi har igiya ta yi sako-sako, alamar ya taka ƙasa. Ka’ida ita ce da ka taka ka girgiza igiya sau biyu. Bai girgiza ba. Na leƙa, ba a ganin komai. Na kira shi, shiru. Zuciyata ta ce ja shi. Sai na ce wa zuciyar tawa wannan mummunan tunani ne, kada in ba shi wuri. Na ce wa masu riƙe da igiya, “Wasa yake, so yake ya tsorata ni. Lafiyarsa lau.” Na faɗa sau uku, da ƙarfi, yadda littafin ya koya mini. Na tsaya ina murmushi a bakin rijiya, Lawali, alhali ɗan’uwana na kwance a ƙasanta.

Wata tsohuwa ce daga bayan taron ta ce, “Kai ɗan nan, wanga shiru ya yi yawa. Ku jawo ɗan mutane!” Ba su jira umurnina ba, suka ja. Ya fito a rataye da igiyar hammata, kai a langaɓe, leɓɓa sun yi baƙi. Na taɓa ganin wuya ya yi haka, a cikin kwandon Namata.

A amalanken shanu muka kai shi likita. Majon da ya karɓe shi, babban mai jinya na wurin, ya ja ni gefe ya tambaye ni yadda aka yi. Ya ce tsohuwar rijiya da aka rufe takan tara wata iska mai nauyi a ƙasanta, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta riƙe numfashi. Ya ce nauyin kai shi ne gargaɗin farko, sau da yawa kuma shi ne na ƙarshe. Ya ce, “Ba ku zura ko fitila ba? Ko kaza?” Ya ce da an jawo shi da wuri da ya tashi garau. Kwana huɗu Hamidu bai farka ba. Da ya farka, abin da ya rage a bakinsa ke nan, maganar da ya shiga da ita.

Da labari ya kai wa Namata bai zage ni ba. Na so ya zage ni. Tambaya ɗaya ya yi: “Zakaran fa?” Ya juya fuskarsa wajen bango. Malam Isuhu kuwa, da na gaya masa abin da majo ya ce game da iskar, ya riƙe gemunsa ya ce, “Da na san abin da zakaran ga ke aunawa, da na ce ku zura shi da bisimilla, ku bar kiran kowa. Na yi hukunci kan abin da ban bincika ba. Allah ya yahe mini.” Shi da bai je wurin ba ya nemi gafara a gabana. Ni da na yi aikin ban nema ba.

Wannan ne kuskure na uku, kuma shi ne mafi muni. Da gari ya ɗauka cewa iskoki ne, na bar su a haka. Gwaggo Hajo ta kai shi wurin masu bori aka yi kwana bakwai ana goge, ta kai shi wurin malamai aka yi ta rubutun sha. Ina tsaye ina kallo. Har yau in na kai mata cefane tana sa mini albarka, tana cewa ni ne ɗan da Allah ya bar mata. Shekara goma sha tara ina gaya wa kaina cewa ƙaddara ce, ba laifina ba ne. Ka ga, wannan ma irin karatun safen ne, na canza masa kalmomi kawai. Bai hana ni jin igiyar nan a tafin hannuna ba ko sau ɗaya.

To yanzu kai. Gobe za ka tafi inda ake haƙa ramin da ya fi rijiyar nan zurfi, wanda ba shi da zoben siminti, wanda ke lanƙwasa ya bi ƙarƙashin ƙasa inda ko hasken rana ba ya kaiwa. Na so in hana ka, na ga in na hana ka za ka tafi ba sallama, kuma damina biyu gonarmu ba ta ba ni bakin magana ba. Saboda haka ka ji waɗannan, ba daga littafi na ɗauko su ba.

Kada ka shiga ramin da ya kwana ba kowa ciki sai an zura wuta. Kyandir, fitilar ƙwai, ko tsumma a gwangwani. Tocila ba ta gaya maka komai, tana ci ko a inda mutum ke mutuwa. In wutar ta yi ƙasa ko ta mutu, kai ma ka zauna a sama, ko wa ya ce ka sauka. In sun kunna injin jan ruwa a cikin rami ko a bakinsa, fito. Hayaƙinsa ƙasa yake bi, majo ya gaya mini wannan ma.

In kanka ya yi nauyi, ko ka ji barci na fizgarka da rana tsaka, ko ƙirjinka na bugawa ba dalili, kada ka tsaya lallashin kanka. Girgiza igiya. In sun yi maka dariya, bar su su yi. Dariya ba ta sa a goge wa mutum yawu shekara goma sha tara.

Ka dubi wanda zai riƙe maka igiya fiye da yadda za ka dubi matar da za ka aura. Kada ka zaɓi mai yawan cewa ba komai. Nemi mai ɗan banzan tsoro, wanda zai jawo ka sau goma a banza ya sha zagi. In kai ne a sama, kuma na ƙasa ya yi shiru, ja. Kada ka kira shi sau biyu. In wasa yake, ku yi faɗa a sama.

In wani yaro ya ce yana jin tsoro, kada bakinka ya yi abin da nawa ya yi. Jinina ne a jikinka, na ga yadda kake yanka abokanka da magana suna dariya. Harshen nan namu yana tura mutum inda hannu ba zai iya tura shi ba.

In ka tarar da wani tsoho a can yana wata al’ada da ta yi maka kama da shirme, kafin ka yi dariya tambaye shi abin da ke faruwa in ba a yi ba. Ba na ce ka zuba wa kowa fura ba. Kai musulmi ne, ka tsaya kan sallarka. Amma tsofaffin nan sun binne mutane da yawa kafin su iso ga abin da suke yi, ko da sunan da suka ba shi ba daidai ba ne.

Kuma kada ka juya addu’a ta zama irin wancan karatun. Na ga masu cewa “Allah na nan” da irin muryar da nake cewa “ba ni tsoro”, don dai kada su duba igiyarsu. Ka roƙi Allah kana sane da cewa yana iya ba ka, yana iya hana ka, sannan ka duba kullin igiya da hannunka. In kana son abin faɗi da safe don gwiwarka ta tsaya, faɗi, ban hana ba. Amma ka zaɓi abin da yake gaskiya. Ka ce, “Na iya aikina, zan duba kafin in sauka, in na ji ba daidai ba zan fito.” Wannan ko majo ba zai musa ba, ko liman.

In ka kira gida, kada ka ce wa uwarka lafiya lau alhali kana tari. Ta fi ka sanin muryarka. Tun da aka sa ranar tafiyar nan take ƙona tuwo, jiya na ga ta wanke rigarka ɗaya sau biyu. Ba za ta ce maka komai ba, kai ɗan fari ne. Ni ma da na iya yin shiru irin nata da na yi, ban iya ba.

Na yanke shawara kafin la’asar ɗin yau zan shiga ɗakin Gwaggo Hajo in gaya mata abin da na gaya maka. Ban san abin da za ta ce ba. Ina jin tsoronta fiye da yadda na taɓa jin tsoron rijiya. Amma ba zan ce ka faɗi gaskiyar abin da jikinka ke ji a cikin rami ba, alhali ni ina zaune kan ƙarya a tsakar gida.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai da ƙafafunka da hankalinka. Allah ya haɗa ka da abokan aiki masu jin tsoro. Allah ya tsare ka daga iskar da ba a gani, da bangon da ke zubowa, da bakin abokin wasa. Ko ka samo ko ba ka samo ba, ƙofar gidan nan ba ta tambayar abin da ke aljihu. Uwarka na gaishe ka, ƙannenka na gaishe ka. Amin.

Saura abu ɗaya, kuma ba da kai nake ba. Da salularka ta kwana biyu a hannuna na duba wanda ke turo muku muryoyin nan kowace safiya. Alhaji Bube ne, uban ramin da zai kwashe ku, ku goma sha ɗaya daga unguwa ɗaya. Na zauna na tambayi kaina me zai sa mai rami ya damu yaransa su daina ambaton tsoro. Yaron da aka koya wa cewa faɗin “kaina ya yi nauyi” yana jawo tsiya, wa ya ci ribar shirunsa? Gobe kafin direba ya tada mota zan zo tasha, na kuma gaya wa iyayen sauran goman su zo. Ka ji kunya in ka ga dama, ka ɓoye bayan buhuna. Alhaji Bube zai tsaya gaban uwayen yaran nan, ba a gefe ba, ba a salula ba, ya gaya mana da bakinsa: me ake zurawa a raminsa kafin a zura ƴaƴanmu, wa ke riƙe igiya, kuma yaron da ya ce yau ba zai sauka ba, me ake yi masa? Shi kansa, yaushe rabon da ya sauka? Ya amsa kowa na ji. In bai amsa ba, a jikin ƙofar motar zai same ni tsaye, sai dai direba ya ja da ni.

Ubanka.